Shin yunwa ce ke sa kyarkecin gaɓar teku cin kifi?

Tambaya: Malam, na ga hoton bidiyo na wani kyarkeci a Kanada yana tsaye a cikin rafi yana cafkar kifi, mai bayani kuma ya ce kan kifin kawai yake ci ya bar sauran. Mu dai mun san kyarkeci da farautar namun dawa. Shin ƙarewar dabbobi ce ta tilasta masa komawa ga kifi, kuma me ya sa zai yar da tsoka bayan ya sha wahalar kamawa?

Amsa: Malam, abin da ka gani gaskiya ne, amma dalilin da ka zata ba shi ne ba. Kyarketan nan ba yunwa ce ke kora su rafi ba. Suna barin farautar barewa ne alhali barewar tana nan a daji, domin na ɗan wani lokaci a kowace shekara akwai abincin da ya fi ta maiƙo, ya fi ta sauƙin samu, kuma ba ya harbi da ƙafa.

Ya kamata mu fara daidaita suna. Dabbar da kakanninmu suka sani da kyarkeci a dazukan ƙasar Hausa ita ce karen dawan nan mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, wanda yanzu ganinsa ya yi wuya ƙwarai. Wanda ka gani a bidiyo wani jinsi ne daban, wato kyarkeci mai ruwan toka na ƙasashen arewa, dangin kusa na karen gida. Reshen da muke magana a kansa yana zaune ne a gaɓar tekun Fasifik, daga tsibirin Vancouver zuwa tsakiya da arewacin gaɓar lardin Birtish Kolombiya na Kanada, har zuwa tsibiran kudu maso gabashin Alaska. Wurin kurmi ne mai sanyi da laima, inda a wasu sassa ruwan saman shekara yake haura mita 3, alhali Kano ba ta cika samun mita guda ba, kuma teku ta ratsa ƙasar ta yayyanka ta zuwa ɗaruruwan tsibirai da lunguna. Kyarketan wannan yanki sun fi na cikin ƙasa ƙanƙanta, gashinsu yakan yi jaja-jaja, kuma ninƙaya daga tsibiri zuwa tsibiri ba baƙon abu ba ne a gare su, har an same su a tsibiran da sai an ratsa ruwa na kimanin kilomita 12 kafin a kai.

Kifin kuwa shi ne salmon na Fasifik, kuma idan ba a fahimci rayuwarsa ba, ba za a fahimci halin kyarkecin ba. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar rafi mai ruwan daɗi, ya gangara teku yana ƙarami, ya yi shekaru can yana ci yana tara kitse, sannan ya dawo rafin da aka haife shi domin zuba ƙwai. Da ya shigo ruwan daɗi yakan daina ci gaba ɗaya, kuma bayan ya zuba ƙwai sai ya mutu. Babu mai komawa teku a cikinsu. Jinsi biyar ne a wannan gaɓa, amma biyu ne suka fi shiga bakin kyarkeci: wanda ake kira fink, mai nauyin kilo 2 ko kusa da haka, wanda rayuwarsa duka shekara biyu ce cif, da kuma cham, wanda ya ninka shi girma. Dalilin fifikon su biyun shi ne suna zuba ƙwai a ƙananan rafuka kusa da teku, a ruwan da sau da yawa bai kai gwiwar mutum ba, kuma suna zuwa dubbai a lokaci guda tsakanin watan Agusta da Oktoba. Ke nan a cikin waɗannan makonni rafin yakan cika da nama mai kitse wanda ya gaji, hankalinsa yana kan haihuwa, bayansa ma a waje yake saboda rashin zurfin ruwa.

Ta yaya aka san abin da dabbar da ke gudun mutane take ci a tsawon shekara? Hanyoyi biyu aka haɗa. Ta farko ita ce tattara kashin kyarketai a hanyoyinsu a wanke shi a duba ragowar da ke ciki, gashin barewa ne, ko ƙayar kifi da haƙoransa, ko ɓawon kaguwa. Ta biyun ta fi dabara. Sinadarin naitirojin da na kabon kowannensu yana da nau'i mai ɗan nauyi, kuma abincin teku ya fi na tudu yawan waɗannan nau'o'i masu nauyi, don haka duk dabbar da ta ci daga teku alamar takan zauna a jikinta. Kyarkeci yakan zubar da gashi sau ɗaya a shekara, sabon ya fara tsiro wajen ƙarshen watannin bazararsu ya ci gaba har ƙarshen kaka, saboda haka silin gashi guda tamkar littafin ajiyar lissafi ne: tsinin yana ɗauke da labarin abin da aka ci a farkon lokacin, gindin kuma na ƙarshensa. Ana tsintar gashin a makwancinsu, ba sai an kama ko an kashe kowa ba, wanda a ganina yana cikin abubuwan da suka fi kyau a wannan aiki.

Binciken da ya fi amsa tambayarka kai tsaye shi ne wanda Chris Darimont da Paul Paquet da Thomas Reimchen suka wallafa a 2008, bayan sun yi shekara huɗu suna bin garke takwas na kyarketai a tsakiyar gaɓar Birtish Kolombiya, suka kuma duba samfurin kashi fiye da 2,000. A watannin da kifi bai iso ba, ragowar barewa mai baƙin wutsiya ce ke cikin 90 zuwa 95 na kowane samfuri ɗari. Da kifi ya shigo sai lissafin ya juya, aka samu salmon a cikin kimanin 40 na kowane ɗari, a wasu garkunan ma ya kusa 70. Abin da ya yanke hukunci shi ne kwatanta garkunan da juna. Da a ce rashi ne ke kai su rafi, da garken da ƙasarsa ta fi ƙarancin barewa shi zai fi cin kifi. Ba haka aka samu ba. Yawan kifin da garke ke ci ya bi yawan salmon da ke rafukansa ne, ko barewa tana da yawa ko ba ta da yawa. Wannan shi ake kira zaɓi, kuma shi ya sa na ce maka tun farko ba tilas ba ce.

Idan mutum ya sa kansa a matsayin kyarkecin, zaɓin ba shi da wuyar ganewa. Farautar barewa a kurmi aiki ne na nema da bin sawu da gudu a kan ruɓaɓɓun itatuwa da duwatsu masu santsi, kuma sau da yawa a tashi a tutar babu. Ko an cim mata, kofatonta na gaba kamar wuƙa yake, kuma a wuraren da aka binciki gawarwakin kyarketai an sha samun karyayyun haƙarƙari da muƙamuƙan da suka warke daga harbin manyan dabbobi. Kyarkecin da ya karye a ƙafa ba shi da asibiti. Kifi kuwa ba ya buƙatar nema, domin rafin da ya zo bara nan zai zo bana, a kusan makon da ya saba. Ga shi ya fi naman barewa kitse, kuma yana zuwa daidai lokacin da ake bukatar tara ƙarfi kafin hunturu. Akwai kuma maganar 'ya'ya. Ana haihuwar su wajen Afrilu da Mayu, zuwa Satumba an yaye su, sun yi girman da cikinsu ke neman abinci da yawa amma ba su isa kayar da barewa ba, kuma a yawancin ƙasashen kyarkeci wannan ne lokacin da yunwa ta fi kashe ƙanana. A gaɓa sai garken ya kwaso su ya zaunar da su a bakin rafi, inda ko ɗan da bai iya kamu ba zai samu mataccen kifi ko ragowar manya.

Kamun kansa abin kallo ne. Yawanci da asuba ko da duhu suke yi, musamman idan teku ta janye, ruwan bakin rafi ya ragu, kifaye suka taru a 'yan kududdufai tsakanin duwatsu. Kyarkeci yakan shiga ruwan daga ƙasa ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Salmon kullum kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa ne domin ya tsaya wa igiyar ruwa, don haka mai zuwa ta baya ba ya cikin ganinsa, kuma laka da ƙafa ta tayar tana gangarawa ne ta bar shi. Sai ya ɗan tsaya, kunnuwa a miƙe, ya yi sassarfa taku kaɗan, ya nutsa baki ya cafko kifin ta baya, wani lokaci ya fara danne shi da ƙafar gaba. Ya fito da shi yana fisge-fisge ya ajiye a kan ciyawar gaɓa, ya gatsa saman kai, ya cinye ƙwaƙwalwa da abin da ke kewaye da ita, ya koma ruwa tun jelar wancan ba ta daina motsi ba. A wani rahoto na 2003 masu binciken nan uku sun ƙirga kimanin kifi 21 a awa guda, kuma kusan huɗu cikin kowane yunƙuri goma suna yin nasara. Manya sun fi ƙanana nesa ba kusa ba, abin da ke nuna sana'a ce da ake koya ta hanyar kallo da maimaitawa. Ƙananan sukan yi ta fantsama ruwa suna korar kifin da suke so su kama. Wanda ya bi gaɓar da hantsi zai tarar da kifaye jere a kan ciyawa, jikinsu lafiya ƙalau, kawunansu ne kawai babu.

Sai batun da ya fi ɗaure maka kai, wato barin tsoka. Masana sun kawo dalilai biyu, kuma ba sa karo da juna. Na farko na gina jiki ne. Salmon da ya daina ci yana ƙona kitsen tsokarsa ne domin hawan rafi da haɗa ƙwai, don haka kullum tsokar tana ƙara zama fara mai ruwa-ruwa, alhali kai da ƙwaƙwalwa suna riƙe da maiƙo mai kyau har ƙarshe. Idan kifi ya yi yawan da kama sabo bai wuce minti biyu ko uku ba, cin wuri mafi daraja a kifi ashirin ya fi cinye kifi uku ɗungurungum. Beyar, wato ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da Turawa ke kira bear, ita ma haka take yi idan kifi ya wadata, takan ci ƙwai da ƙwaƙwalwa da fata ta bar saura, sai idan ya yi ƙaranci ne take cinyewa duka.

Na biyu na gudun cuta ne. Ɗanyen salmon yana ɗauke da tsutsotsi a tsoka da kayan ciki, cikinsu har da farar tsutsar ciki mai tsawo. Mafi muni ita ce wata 'yar tsutsa mai faɗi wadda rayuwarta ke bi ta cikin dodon koɗi na ruwa kafin ta shiga kifi, kamar yadda tsutsar tsargiya ke bi ta dodon koɗi a tafkunanmu. Ita kanta tsutsar ba ta da wata illa mai yawa, amma tana ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Neorickettsia helminthoeca, wadda ke sa wa kare da danginsa zazzaɓi da amai da gudawa, kuma tana kashe kusan tara cikin karnuka goma da ba a yi wa magani ba. Beyar daji kuwa tana cin kifin nan, ba kasafai wani abu ke samun ta ba. Tsutsar ta fi taruwa a ƙoda da tsoka, don haka cin kai kaɗai yana rage haɗari. Sai dai ni na fi ba dalilin farko nauyi, saboda an fi sanin wannan cuta a kudu, daga arewacin Kalifoniya zuwa jihohin Oregon da Washington har kudancin tsibirin Vancouver, inda irin dodon koɗin yake, alhali ana ganin cin kai a can arewa. Kuma kyarketan sukan ci fiye da kai idan kifi ya yi ƙaranci ko lokaci ya ƙure, abin da ya fi kama da lissafin riba.

Abin da aka bari ba ya zama asara. Hankaki da mikiya da tsuntsayen teku suna sauka a kai tun kyarkecin bai yi nisa ba, ƙudaje su zuba ƙwai, tsutsotsinsu su cinye saura cikin 'yan kwanaki, ruwan ya nutse cikin ƙasa. Reimchen ya yi shekaru yana nuna cewa naitirojin da ya fito daga teku yana bayyana a ganye da katakon itatuwan bakin rafukan salmon. Mafi yawan wannan jigila beyar ce ke yin ta, domin takan ja kifi zuwa cikin kurmi don gudun 'yan'uwanta, amma gawar da kyarkeci ya bari ta fi cika, tunda kai kawai ya ɗauka.

Kada kuma a ɗauka duk kyarketan gaɓa abinci ɗaya suke ci. Waɗanda ke kan babbar ƙasa suna da barewa da akuyar dutse da wasu manyan dabbobi, kuma a rafukansu akwai babbar beyar mai ruwan ƙasa da ke mamaye wuraren kamu mafi kyau. A tsibiran da ke can waje kuwa, inda barewa ba ta da yawa, fiye da rabin abincin wasu garkuna daga teku yake fitowa, kuma salmon wani yanki ne kawai na wannan. Suna cin dabbar nan mai shayarwa da ake kira sil idan ta hau dutse shan hantsi, da karen ruwa, da kaguwa da kifin ɓawo da suke tonowa a yashi, da ƙwan kifin herin da ke manne a ciyawar teku a watan Maris da Afrilu, da gawar ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira whale idan igiya ta turo ta gaɓa, wadda garke zai yi makonni yana komawa kanta. Mutanen Heiltsuk, 'yan asalin yankin Bella Bella da ke tsakiyar gaɓar Birtish Kolombiya, sun san wannan bambanci tun kafin masu bincike su zo. Wani dattijonsu da ya yi aiki tare da masanan, Chester Starr, ya faɗa musu cewa kyarketai iri biyu ne a ƙasarsu, na tudu da na tsibirai. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2014 ya samu bambanci tsakanin rukunonin biyu, duk da cewa a wasu wurare ruwan da ya raba su bai fi ƙarfin ninƙayarsu ba.

Yadda suke sauya abinci idan hali ya canza ya fito fili a tsibirin Pleasant da ke kusa da Glacier Bay a Alaska. Kyarketai sun ƙetara zuwa can a 2013, suka yi ta cin barewa har ta kusa ƙarewa. An zaci za su mutu ko su bar tsibirin, amma sai suka koma kan karen ruwa na teku, wanda yawansa ya farfaɗo a yankin bayan masu fataucin fata sun taɓa ƙarar da shi. Gretchen Roffler da abokan aikinta sun nuna cewa barewa ta faɗo daga kashi 75 cikin 100 na abincinsu a 2015 zuwa kashi 7 a 2017, karen ruwan teku kuma ya kai kashi 57. A nan za ka iya cewa rashi ya taka rawa, kuma bambancinsa da labarin salmon ke nan. Haka kuma wani kyarkeci tilo da aka sa wa suna Takaya ya zauna a 'yan tsibiran da ke daura da birnin Victoria na tsibirin Vancouver daga 2012 zuwa farkon 2020, babu barewa a wurin, yana rayuwa galibi a kan sil.

Wani abin da nake so ka lura da shi shi ne cewa cin salmon bai tsaya a bakin teku ba. A gandun dajin Denali da ke tsakiyar Alaska, inda kifin ke hawa kogi fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso, binciken da aka wallafa a 2010 ya samu wasu kyarketai da salmon ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abincinsu. Wannan ya sa nake ganin halin da muke yi wa kallon abin mamaki a da ruwan dare ne a duk inda dabbobin biyu suka haɗu. Abin da ya faru shi ne an raba su. A yammacin Amurka an ƙarar da kyarkeci da guba da tarko kafin tsakiyar ƙarni na 20, madatsun ruwa irin su Grand Coulee a kan kogin Kolombiya kuma suka toshe wa salmon hanyar zuwa saman kogi. Lokacin da aka fara nazarin kyarkeci da gaske, galibi an yi shi ne a wuraren da babu salmon, irin su tsibirin Isle Royale da ke cikin tafkin Superior a Amurka, sai littattafai suka siffanta shi da maci manyan dabbobi masu kofato kawai.

Duk da haka, Malam, kada bidiyon ya sa ka ɗauka kifi ne ginshiƙin rayuwarsu. Lokacin salmon wata biyu ne zuwa uku, kuma ga yawancin garkuna barewa ce ke riƙe su a sauran shekara. Barewar kuma tana dogara ne ga tsohon kurmi, wanda manyan rassansa ke tare dusar ƙanƙara su bar ciyayi a ƙasa lokacin hunturu. Idan aka share kurmi, ciyawa takan yi yawa na wasu shekaru, amma bayan shekara 25 zuwa 30 sababbin itatuwa sukan haɗe kai su hana haske sauka, ƙasa ta zama fayau na tsawon shekaru masu yawa, kuma wannan ne ke damun kyarketan tsibirin Prince of Wales a Alaska. Sarar itacen tana kuma zubo laka cikin tsakuwar da salmon ke binne ƙwansa, hanyoyin manyan motoci suna buɗe wa masu tarko daji. A ɓangaren Kanada, yarjejeniyar 2016 tsakanin gwamnatin lardi da al'ummomin asali da kamfanonin katako da ƙungiyoyin kare muhalli ta keɓe kashi 85 cikin 100 na kurmin Great Bear, wato kurmin tsakiya da arewacin gaɓar Birtish Kolombiya, daga sarar kasuwanci. Yarjejeniyar ta shafi itatuwa ne. Yawan kifin da ke dawowa kuwa ya dogara ga kamun teku da ɗumamar ruwa, kuma a shekarun da cham ya yi ƙaranci a ƙananan rafukan tsakiyar gaɓa, garken da ya sauko da 'ya'yansa a Satumba yakan tarar da ruwa kusan babu kowa, sai ya koma bin barewa tun kafin lokacin da ya saba.